Yakisugi: Katakon da Ake Babbake Fuskarsa Don Ya Daɗe

Duk wanda ya taɓa tona kufai ya san cewa ginshiƙai da ƙyamare da kujeru sukan ruɓe su koma ƙasa, alhali kuwa gawayin da aka bari a gindin murhu yakan zauna yadda yake ko da shekaru sun tsawaita a kansa, domin babu tsutsa ko fumfuna da ke samun abin ci a jikinsa. Wannan al'amari, wanda kowa ke gani ya wuce, shi ne mutanen yammacin ƙasar Japan suka tsaya a kansa da basira, har suka fitar da sana'ar da suke kira yakisugi, watau babbakakken sugi. Sugi kuwa itace ne dogo miƙaƙƙe, mai ƙamshi da sauƙin sassaƙa, wanda ya fi kowane itace yawa a dazuzzukan da suka dasa da hannunsu.

Larura ce ta kai su ga wannan hikima. Mazauna gaɓar tekun Seto, da tsibiransa irin su Naoshima, da tsofaffin garuruwan fatauci irin su Kurashiki, mutane ne da ke gina gidajensu da rumbunansu da katako a ƙasa mai yawan ruwa da laima, inda iskar teku ke ɗauko gishiri ta watsa wa bango dare da rana. Don haka tun zamanin da ake kira Edo, wanda ya ƙare a 1868, suka riƙa lulluɓe bayan gini da falankan da aka ƙona wa fuska ɗaya.

Yadda ake yin aikin abin kallo ne. Kafinta yakan ɗauko busassun falankai uku, ya haɗa gefe da gefe ya ɗaure, su zama kamar bututu mai kusurwa uku, sa'an nan ya cusa takarda ko ɓawon katako a bakinsa na ƙasa, ya ƙyasta ashana, ya tayar da shi tsaye. Da farko hayaƙi ne kawai ke fita, fari, a hankali. Can sai bututun ya fara zuƙar iska daga ƙasa, wutar ta haura ciki da gurnani, har harshenta ya leƙo ta sama ya fi tsawon mutum. A wannan lokaci ne gwaninta ke bayyana, domin mai aikin yakan sa ƙarfe ya ɗan buɗa mahaɗar falankan don wuta ta lashi gefunan da ba ta kai ba, yana lura da launin harshenta da ƙarar da take yi, kuma bayan 'yan mintoci kaɗan sai ya kwantar da bututun, ya kwance, ya kwarara ruwa. In ya yi gaggawa ƙunar ba ta shiga ba, in ya yi jinkiri falankin ya sirance ya karkace. Abin da ake nema shi ne gawayi mai kaurin 'yan milimita, baƙi wuluk, mai tsage-tsage kamar bayan kada, yana ɗan sheƙi idan rana ta buge shi.

To, mene ne sirrin? Masana sun bayyana cewa cikin sinadaran da Allah Ya hore wa itace, akwai wanda ya fi saura jan ruwa, kuma shi ne fumfuna ta fi samun sauƙin ci; shi ne kuwa farkon rushewa idan zafi ya kai wajen digiri 200, sa'an nan idan ya kusa 300 fuskar itacen ta rikiɗe ta zama gawayi. Ta haka falankin ke samun riga daga jikinsa, wadda ba fenti ba ce balle ta ɓare ta faɗi lokaci guda, kuma hasken rana, wanda shi ke cinye fuskar katako ya mai da ita toka-toka, ba ya yi wa gawayi wannan illa. Hatta game da gobara akwai fa'ida, domin gawayi ba ya saurin isar da zafi ga abin da ke bayansa, kuma abin da ke saurin kamawa a fuskar itacen ya riga ya fice da hayaƙin farko.

Amma wajibi ne a faɗi iyakar abin, don masu talla sun kai shi inda bai kai ba. Jinkirta wuta daban, hana ta daban. Gidan yakisugi yana ƙonewa. Gara ma, wadda ita ce mas'alar da mai karatu zai fara tambaya a kai, ba ta bukatar ta bi ta fuskar da aka ƙona matuƙar bayan falankin ɗanye ne. Abin da ya sa bangayen Japan ke daɗewa shekaru masu yawa shi ne an haɗa ƙunar da sauran ƙa'idojin gini: a ɗaga katako daga ƙasa bisa harsashin dutse, a tsawaita bakin rufi ya kare shi daga ruwa, a bar wa iska hanya ta busar da shi. Gawayin kansa yana zaizayewa sannu a hankali, kuma in falanki ya gaji akan cire shi a sa wani.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da kwano da siminti da roba suka yawaita, sana'ar ta ja baya ƙwarai, har sai da wani malamin tarihin gine-gine mai suna Terunobu Fujimori, haifaffen 1946, ya sake fito da darajarta. A 2005 ya gina gidan wankan Lamune a lardin Oita, bangonsa layi baƙi na yakisugi layi fari na farar ƙasa, da itatuwa a tsaye bisa ƙololuwar rufin, a 2007 kuma ya gina wani gida a Nagano da ake kira da sunan katakon kansa. Daga nan magina na Turai da Amurka suka ɗauka, suna kiransa shou sugi ban, wanda kuskuren karatun haruffan Japan ne. Abin da ke damuna ya wuce suna: da yawansu sukan bi fuskar kowane irin katako da wutar gas su baƙanta shi sama-sama, su sami launi ba tare da kaurin gawayin da ke yin kariya ba, mai gida kuwa ya biya kuɗi da zaton ya sayi bangon da zai bar wa jikokinsa.

A cikin ɗaki hukuncin ya sha bamban. Can babu ruwan sama ko zafin rana, kuma ɗanyen gawayi yana ɓata hannu da tufa, saboda haka akan goge shi da burushi. Sassan itacen masu taushi su tafi da gawayin, masu tauri su tsaya a ɗage, sai zanen shekarun itacen ya fito fili, baƙi bisa ruwan ƙasa, kamar sawun ruwa a kan rairayi. Daga nan a shafa masa mai, a bar shi ya sha ya bushe, kafin a kafa shi a bango ko a rufin ɗaki.