Tace Jini Don Rage Maiƙo

Akwai wata cuta ta gado wadda ke hana hanta janye maiƙon nan da ake kira kwalastaral daga cikin jini. Yaron da ya gaje ta daga uwa da uba duka, maiƙon kan toshe masa jijiyoyin zuciya tun bai kai shekara 20 ba, kuma sau da yawa maganin haɗiya ba ya wadatar da shi.

A shekarar 1975 likitoci a Landan suka bayyana nasarar sauya wa irin waɗannan majiyyata ruwan jini. Daga baya aka ƙera na'urar da ke raba ruwan jini da ƙwayoyinsa, ta bi da ruwan ta cikin matata mai kama mugun maiƙo, wato LDL, sannan ta mayar da sauran cikin jiki.

Zama ɗaya na awa 2 zuwa 4 kan rage LDL da kashi 60 zuwa 70 cikin 100, alhali maiƙo mai amfani, wato HDL, kaɗan yake raguwa. Sai dai matata ba ta gyara hanta. Cikin mako 2 LDL kan sake taruwa, shi ya sa majiyyaci ke komawa kowane mako ɗaya ko biyu, shekara da shekaru.