Kwalba Ɗaya, Hanci Biyu

A 2004 manyan masu sharhin giyar inabi biyu suka yi cacar baki kan giyar Château Pavie ta 2003, daga yankin Bodo na Faransa. Jancis Robinson 'yar Ingila ta ba ta maki 12 cikin 20, Robert Parker na Amurka kuwa ya kai ta dab da 100 cikin 100. Zafin da ya addabi Turai a 2003 ya sa inabin ya nuna tuɓus, giyar ta fito da ƙarfi da kauri. Abin da Parker ke so ke nan, shi ne kuma abin da Robinson ke ƙi. Wannan saɓanin ra'ayi ne, mai sauƙin ganewa.

Wanda ya fi shi zurfi yana cikin hanci. Ɗan Adam yana da na'urorin kama ƙamshi kusan iri 400, kuma gado ne ke yanke waɗanda ke aiki sosai a jikin kowa.

Ɗauki TCA, sinadarin da funfuna ke haifarwa a toshiyar kwalba da ake yankowa daga ɓawon wata bishiya, galibi a Fotugal da Sifaniya. Yana sa giya warin jiƙaƙƙen kwali. Wani hancin yana kama shi ko da nanogiram biyu ne a lita, wani sai an ninka masa sau da yawa. Mafi ɓarna shi ne lokacin da ya yi ƙaranci: ba a jin warinsa, amma yana dushe sauran ƙamshin, sai mai sharhi ya ce giyar lami ce, ya zargi manomi, alhali laifin toshiya ne. A nan ne abin ke damuna, domin maki na taɓa farashi, farashi kuma gumin manomi ne na shekara guda.

Akwai kuma aibin da ake kira warin ɓera. Ba ya tashi daga kofi, sai yawu ya rage tsamin giyar a baki, kuma yawun mutane ba ɗaya ba ne. Sinadarin rotundone, mai ba inabin Shiraz ƙamshin masoro, masu bincike a Ostireliya sun nuna a 2008 cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar ba ya jin sa sam.

Yis ɗin Brettanomyces ya haɗa matsalolin biyu, ta hanci da ta ra'ayi. Yana kawo warin bargar doki. Wani bai ji ba, wani ya ji ya kira shi aibi, wani ya ji ya ce ai shi ne armashin.

Hanci ɗaya ma ba ya tsayawa wuri guda. Robert Hodgson ya riƙa zuba wa alƙalan gasar baje kolin Jihar Kalifoniya giya ɗaya sau uku ba da saninsu ba. Sakamakon da ya wallafa a 2008 ya nuna kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai suka ba ta maki masu kusanci da juna a kai a kai.