Marshal Mac-Mahon da Janar-Janar ɗin da Aljeriya Ta Haifa wa Faransa

Daga 1848 zuwa 1879, kusan duk lokacin da mulki ya girgiza a birnin Paris, hafsan da aka kira ya ɗauki takobi a Aljeriya ya koyi yaƙi. Cavaignac ne ya murƙushe boren ma'aikata a 1848, Saint-Arnaud ya jagoranci sojojin da suka taimaka wa Louis-Napoléon ya yi juyin mulki a 1851, sannan Patrice de Mac-Mahon ya karya gwamnatin 'yan tawayen Paris a 1871, inda aka kashe dubban mutane. Wannan ba katari ba ne.

Dalilin farko shi ne ƙarin girma. Bayan faɗuwar Napoléon a 1815 Turai ta lafa, hafsa kan tsufa bai ga filin daga ba. Aljeriya ce babbar ƙofar da ta rage. Mac-Mahon ya shiga ta tun 1830, yana nan aka ci garin Kusantina a 1837, kuma sunan da ya yi can ne ya kai shi yaƙin Kirimiya da na Italiya, har ya zama marshal a 1859 bayan nasarar Magenta. Dalili na biyu ya fi muni. Yaƙin da Janar Bugeaud ya tsara a Aljeriya kan Amir Abdulƙadir yaƙi ne na ƙona gonaki da kore dabbobi, wanda bai bambanta mayaƙi da manomi ba. Wanda ya shekara ashirin yana ganin farar hula a matsayin abokin gaba, kuma yana mulkin gari da umarnin bariki, ba zai sauya ido don ya haye teku ba. Ga shi kuma Mac-Mahon ya yi gwamnan Aljeriya daga 1864 zuwa 1870, shekarun da yunwa ta yi wa 'yan ƙasar mummunar ɓarna.

Za a ce ai Mac-Mahon bai ƙwaci mulki ba. Gaskiya ne: majalisa ce ta zaɓe shi shugaban ƙasa a 1873, kuma da ya kori firaminista Jules Simon a 1877 ya rushe majalisar wakilai, masu ra'ayin jamhuriya suka sake cin zaɓe, bai fito da sojoji ba, ya sauka a Janairun 1879. Wannan ya cancanci yabo. Sai dai a duba abin da ya sa aka zaɓe shi. Masu son maido da sarauta da suka zaɓe shi ba basirarsa ta siyasa suka gani ba, sun ga mutumin da ya riga ya harbi Paris ne, duk da cewa an kama shi a yaƙin Sedan a 1870. A duba kuma abin da ya sauke shi: ya ƙi sa hannu a sallami wasu janar-janar. Har ranar ƙarshe amanarsa tana wajen soja.

Bayan tafiyarsa, babu shugaban Jamhuriya ta Uku, wato tsarin da ya shugabanta, da ya sake rushe majalisa har jamhuriyar ta faɗi a 1940.