Kafin ka tura kuɗin kago, san wanda zai ɗauko maka kaya

Idan ka shiga Babbar Kasuwar Kaduna, wadda ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, da yawa daga takalma, jakunkuna da yadin da kake tayawa teku suka tsallako. Mai shagon kuwa wataƙila bai taɓa taka tashar Apapa ba. Wannan aikin 'yan kago ne.

A ce ka sari katan goma a Guangzhou ko Dubai, ba su isa cika kwantena ba. Kamfanin kago zai ba ka adireshin sitonsa na can, ya haɗa naka da na sauran 'yan kasuwa, kowa ya biya daidai nasa. A jirgin sama kilo ake aunawa, kaya su iso cikin kwanaki, amma da tsada. A jirgin ruwa girman katan ake lissafawa. Akwai sauƙi, sai dai jiran ya kan haura wata guda.

Wuyar aikin tana bakin ruwa. Idan kwantena ta sauka Apapa ko Tin Can a Legas, ejan mai lasisi ne zai kai takardu ga Kwastam, a biya haraji, sannan a ɗora wa tirela zuwa Arewa. Takarda ɗaya ta samu matsala, kwanakin da aka ba ka kyauta su ƙare, kuɗin jinkiri ya fara hawa kullum. Don rage wannan wahala ne aka gina tashar tsandauri a Kakuri, tsallaken kogi, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a Janairun 2018, domin a riƙa kammala aikin Kwastam a nan Kaduna.

To, kai mai shago, da ke uwargida mai saro da kuɗin adashe, ku yi tambaya tun kafin kaya su bar sito. Kuɗin da aka faɗa ya haɗa da haraji da kawowa Kaduna, ko a Legas ya tsaya? Idan katan ya ɓace ko ya jiƙe, wa zai biya? Ina ofishin kamfanin yake? A karɓi rasit, a rubuta suna da lambar waya a jikin kowane katan, kuma a faɗi gaskiyar abin da ke ciki.

Kada araha ta ruɗe ku. Kayan Sallah da suka iso bayan an sauko daga Idi sun riƙe jari har wata shekarar.