Shin Ko Kun San? Tsohon Saksofon da Algaitar Fada

Shin ko kun san cewa lanƙwasasshen abin busan nan mai ruwan zinariya da ake gani a hannun 'yan badujala bai cika shekara ɗari biyu a duniya ba? Wani maƙeri ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Sax, wanda aka haifa a garin Dinant a 1814, shi ya ƙirƙiro saksofon, ya yi masa rajista a birnin Faris a 1846. Da sojoji da manyan ƙungiyoyin kiɗan Turai ya yi niyya. Ya sha shari'a da abokan sana'a, ya karye har sau uku, ya mutu a 1894 ba shi da komai. Baƙaƙen fatar Amurka ne daga baya suka ɗauki abin suka sa shi magana.

Ko kun san duk da jikinsa na tagulla ne, masana kiɗa ba sa lissafa shi a dangin kakaki da begila? A wajensu ɗan'uwan algaita ne. Mai kakaki da leɓɓansa yake haifar da sauti. Mai saksofon kuwa wani siririn kara da aka feƙe yake ɗaurewa a bakin abin busan, iska ta kaɗa shi ya yi rawa. Algaita ma haka take, sai dai nata karan baki biyu ne masu haɗuwa, na saksofon ɗaya ne tal. Karan da aka fi yabo a kudancin Faransa ake noma shi, a yankin Var, kuma mabushi kan buɗe kwali mai guda biyar ya sami biyu kacal da suka kwanta masa.

Iri huɗu aka fi busawa, daga siririn soprano zuwa jibgegen bariton. Na ukunsu a girma shi ne tena, wanda muryarsa ta fi kusa da ta magidanci in yana magana a natse. Coleman Hawkins ne ya ɗaga darajarsa a kiɗan jaz, musamman da faifan Body and Soul na 1939, da sauti mai kauri da tsakuwa-tsakuwa. Lester Young ya zo da akasin haka, busa marar nauyi, ga shi yana riƙe abin a karkace. Duk tena ne, amma ko daga bayan katanga ba za ka ɗauki wannan a matsayin wancan ba.

Shin ko kun san a wannan harka tsoho yakan fi sabo tsada? Kamfanin Selmer na Faris ya fara ƙera samfurin Mark VI a 1954, ya yi kimanin shekara 20 yana fitar da shi, kuma shi John Coltrane da Sonny Rollins suka busa. Amurka na da nata: Conn 10M daga garin Elkhart, da King Super 20 daga Cleveland. Abin da zai ba ɗan kasuwar Kurmi mamaki shi ne, wanda ƙyallinsa ya goge, tagullar ta yi duhu inda yatsu ke zama, ya fi wanda aka sake wa fenti kuɗi. Dalili kuwa, kafin a sake shafa masa ruwan ƙyalli sai an goge jikin, gugar kuma tana cin ƙarfe, tana shafe zanen furannin da aka sassaƙa da hannu a bakinsa. Akwai masu cewa da kwankon harsashin yaƙin duniya aka ƙera na farko-farko, shi ya sa amonsu ya bambanta. Wannan zancen bakin kasuwa ne, babu hujja a kansa. A ganina rabin sirrin yana ga maƙerin da ya daidaita abin da hannu, sauran kuma yana ƙirjin mabushi da irin bakin da ya ɗaura.

To ga wadda ta fi shafarmu. Ko kun san ɗaya daga cikin gwanayen tena na duniya ya zauna nan Zariya? Yusef Lateef ke nan, haifaffen 1920, wanda ya tashi a birnin Detroit, ya musulunta, ya yi busa tare da Dizzy Gillespie da Cannonball Adderley. Daga 1981 zuwa 1985 yana Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello a matsayin babban mai bincike. Mutum ne da ya riga ya yi suna, ya haura shekara 60, amma ya zo ya zauna gaban makiyaya yana nazarin sarewar Fulani, yadda ake fafe ta da yadda ake hura ta. A 1983 ya sauka Legas ya naɗi faifan In Nigeria. Shi da Ziky Kofoworola suka rubuta littafi kan kiɗa da wasannin Hausawa, aka buga a 1987. Ya koma gida ya ci kyautar Grammy, ya rasu a Disambar 2013 yana da shekara 93. Yara nawa ne a Samarun Zariya yau suka taɓa jin sunansa?

In Allah ya kai mu hawan Sallah a Ƙaraye, ku matsa kusa da mai algaita ku kalli kumatunsa. Za ku ga sun cika tam, leɓɓansa manne da ɗan faifan da ke bakin algaitar, jijiyar wuya a miƙe, sauti kuma bai yanke ba tun daga ƙofar fada. Iskar da ya tara a kumatu yake turawa, a daidai lokacin yana shaƙar sabuwa ta hanci. Ko kun san wannan dabarar ce ta sa ake jinjina wa Rahsaan Roland Kirk, makahon mabushin Amurka da kan busa saksofon har uku a lokaci guda? Abin da can ake shekaru ana koyo, nan ɗan gidan Sarkin Busa yana tasowa ya tarar da shi. Abin da ke ci mini rai shi ne, can ana bin lambar da aka buga a jikin kowane tsohon saksofon har a gano shekarar da aka ƙera shi, mu kuwa in tsohuwar algaita ta tsage sai a jingine ta a zaure. Masarautar Ƙaraye, wadda aka kafa a 2019, aka rushe, aka sake kafawa a 2024 da Ƙaraye da Rogo a ƙarƙashinta, za ta iya sa a naɗi busar dattawan fada da waya ma, a rubuta wanda ya sassaƙa kowace algaita da wanda ya gaje ta.

Biyu a gurguje. Wasan Coltrane na ƙarshe da aka naɗa, a Afrilun 1967 ne, a cibiyar makaɗin Nijeriya Babatunde Olatunji da ke unguwar Harlem. Fela Kuti kuma da begila ya fara, ita ya karanta a Landan, daga baya ya rungumi saksofon.

Shin ko kun san babban abokin gabar saksofon a ƙasarmu hunturu ne? Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan matashi na fata da ke toshe rami. Iskar hunturu na busar da fatar, ƙura ta shige, iska ta riƙa zurarewa, sai ƙananan muryoyin su ƙi fita. Karan bakin ma yakan bushe ya kantare, shi ya sa mabushi ke tsotsa shi ko ya jiƙa shi a kofin ruwa na 'yan mintuna kafin ya ɗaura.