Ƙuri'ar Ƙaramar Jam'iyya: Asara ce ko Jari?

 Yau za mu duba wata muhawara da ba ta tsufa a majalisun hira na Bichi, Dambatta, Makoɗa da Tsanyawa. Da zarar kakar zaɓe ta kusanto, sai ka ji ana cewa duk wanda ya dangwala wa jam'iyyar da ba ta cikin manyan jam'iyyu biyu na ƙasa ya zubar da ƙuri'arsa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma tarihin Kano bai yarda da ita ɗungurungum ba. Abin da za mu kare a yau shi ne, ba da girman jam'iyya a Abuja ake auna amfanin ƙuri'a ba. Ana auna shi ne da kujerar da ake nema da kuma ƙarfin jam'iyyar a inda za a ƙirga ƙuri'ar.

Mu fara ba masu waccan magana haƙƙinsu. Tsarin zaɓenmu na wanda ya fi yawa ya kwashe duka ne. Ɗan takarar majalisa da ya zo na biyu, ko da ratar ƙuri'a goma ce, hannu rabbana zai koma gida. Masanin siyasa ɗan ƙasar Faransa, Maurice Duverger, ya bayyana tun 1951 cewa irin wannan tsari yakan tattara mutane cikin manyan jam'iyyu biyu, domin mai zaɓe yana gudun asara, ɗan takara kuma yana gudun faɗuwa. A Amurka, a zaɓen 2000, Ralph Nader, ɗan takarar wata ƙaramar jam'iyya, ya sami ƙuri'a sama da 97,000 a jihar Fulorida, alhali George Bush ya kayar da Al Gore a jihar da ƙuri'a 537 kacal, kuma da wannan ya zama shugaban ƙasa. Mu ma nan an taɓa ƙaƙaba mana jam'iyyu biyu da ƙarfin doka, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta kafa SDP da NRC a 1989.

To amma mu waiwayi gida. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma har Jamhuriya ta Farko ta faɗi a 1966 ba ta kafa gwamnati ba. Manomin da ya bi ta ya sha ɗauri a kotun alƙali, ya sha tsangwamar dagaci da hakimi. Da lissafin kujeru kawai za a yi, da sai a ce wahalar banza ya yi. Sai dai buƙatun da Malam Aminu Kano da mutanensa na NEPU suka riƙa nanatawa ba su mutu ba. Bayan 1966 an karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, matan Arewa kuma suka sami damar jefa ƙuri'a a shekarun 1970. Sojoji ne suka sa hannu, gaskiya ne, amma NEPU ce ta shekara da shekaru tana sabar wa kunnen talaka da cewa waɗannan abubuwa haƙƙinsa ne.

A 1979 kuwa aka ga amfanin abin ido da ido. A cikin jam'iyyu biyar da aka yi wa rajista, PRP ta Malam Aminu Kano tana cikin ƙanana, amma ta ci gwamna a Kano da Kaduna. Dattawan ƙauyukanmu ba su manta da yadda haraji yake ba. Kaka na yi, mai unguwa zai bi gida gida da takarda, magidanci ya auna gyaɗarsa ko ya ja akuya zuwa kasuwa tun farashi bai tashi ba, wanda ya gaza kuma a zaunar da shi a rana a ƙofar gidan dagaci. Gwamnan Kano na PRP, Muhammadu Abubakar Rimi, na hawa mulki ya soke haraji da jangali. Ƙuri'ar da ake yi wa kallon asara ce ta sauke wannan nauyi. A zaɓen shugaban ƙasa na shekarar ma, ƙuri'ar Kano ta girgiza ƙasa: Alhaji Shehu Shagari ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12 daga cikin 19, amma a Kano bai kai kashi 20 cikin ɗari ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yi hukunci a kan lissafin nan na sha biyu da biyu bisa uku kafin a rantsar da shi.

Ƙorafi na farko shi ne, wani zai ce wannan tsohon zance ne, yanzu kuɗi ke magana. To mu duba 2023. A zaɓen 25 ga Fabrairu, Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya zo na huɗu a ƙasa da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya da rabi, kuma kusan miliyan ɗaya daga ciki a Kano ya same su. Ranar 18 ga Maris, Abba Kabir Yusuf ya ci gwamna a jam'iyyar da ƙuri'a 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna na APC yana da 890,705, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da nasarar a Janairun 2024. A 2023, jam'iyya ta huɗu a Najeriya ita ce ta zo ta ɗaya a Kano, PDP kuwa, wadda ake kira babba, ta koma 'yar rakiya. A nan Kano ta Arewa, Barau Jibrin na APC ne ya ci kujerar sanata, yayin da NNPP ta ɗauki sauran biyun. Ke nan kowace kujera da nata manyan biyun.

Ƙorafi na biyu shi ne raba ƙuri'a, kuma shi ne ya fi nauyi. Ana cewa da Kwankwaso bai fito ba da Atiku Abubakar na PDP ya ci. Lissafi bai goyi bayan haka ba. Bola Tinubu ya sami kimanin miliyan 8.8, Atiku kimanin miliyan 7, wato ratar ta kai miliyan 1.8, ta zarce duk abin da Kwankwaso ya samu. Amma idan aka haɗa da miliyan 6.1 na Peter Obi, wanda shi ma a 2022 ya bar PDP kamar Kwankwaso, sai a ga rabuwar ta yi tasiri ƙwarai. Laifin wannan yana wuyan shugabannin da suka kasa daidaitawa tun kafin a buga takardun zaɓe, bai kamata a ɗora wa manomin Bagwai ba. Ku tuna kuma, CPC ta 2011 gwamna ɗaya tak ta ci, a Nasarawa, amma ƙuri'a miliyan 12 da Muhammadu Buhari ya samu a ƙarƙashinta ita ce jarin da aka shiga haɗakar APC da shi a 2013, aka kayar da PDP a 2015.

Ƙorafi na uku shi ne sauya sheƙa: ka zaɓi mutum a ƙaramar jam'iyya, gobe ka ji shi a babba. Wannan yana faruwa, kuma yana da ciwo. Maganinsa shi ne a duba mutumin da tarihinsa, a kuma jira shi a akwati na gaba. Akwai ma jam'iyyun da suna ne kawai da tambari. A Fabrairun 2020 hukumar zaɓe ta INEC ta soke rajistar guda 74 saboda gaza cika sharuɗɗa. Ga ma'auni mai sauƙi. Idan aka gama jefa ƙuri'a a firamaren ƙauyenku, aka zazzage akwati ana ƙirgawa da ƙarfi, shin jam'iyyar tana da wakili a tsaye da zai sa hannu a takardar sakamako ya karɓi kwafinsa? Wadda ba ta da mutum ɗaya a rumfarku ba za ta iya tsare ƙuri'arku ba.

Saboda haka jama'a, kada kowa ya tsorata ku da kalmar asara, kada kuma a ruɗe ku da sak, wato zaɓen jam'iyya ɗaya daga sama har ƙasa. Takarda uku ake miƙa muku ranar zaɓen tarayya, biyu ranar zaɓen jiha, kuma doka ba ta hana wake da shinkafa ba, wato gauraya jam'iyyu. A kowace takarda ku tambayi kanku su wa ke kan gaba a wannan mazaɓa, wa zai tsaya muku a kan taki, hanya, ruwan sha da asibiti. Inda ƙaramar jam'iyya ke da jama'a a ƙasa da buƙata bayyananniya, ƙuri'arku gare ta jari ce. Inda ba ta da komai sai fosta, ku zaɓi mai dama-dama cikin waɗanda za su iya ci. A nan za mu dasa aya. Ku adana katin zaɓenku, mu kwana lafiya.