Gidan Gwamnatin Katsina da Kafuwar Jihar

Tun kafin zuwan Turawa, Gidan Korau ne cibiyar mulkin ƙasar Katsina. A 1967 gwamnatin Gowon ta haɗa Lardin Katsina da na Zariya cikin Jihar Arewa ta Tsakiya, wadda ta koma Jihar Kaduna a 1976. Ran 23 ga Satumba 1987 Janar Babangida ya ware Jihar Katsina, Kanar Abdullahi Sarki Mukhtar ya zama gwamnanta na farko. Daga nan manoman Funtuwa, Malumfashi da Matazu suka bar kai kukansu Kaduna, suka fuskanci Gidan Gwamnati a birnin Katsina. Sai dai Funtuwa ta fi kusa da Zariya bisa ga Katsina, mutanen kudu kuwa ba su daina neman Jihar Karaduwa ba.